Yadda Ake Gwada Haɗiyar Matattun Ƙwayoyi a Wajen Ostiyokilas

Ostiyokilas su ne manyan ƙwayoyin halitta masu cibiya (nukiliyas) da yawa da ke narkar da tsohon ƙashi. Asalinsu ɗaya da makurofaj, masu share dattin jiki, shi ya sa ban da cin ƙashi suna iya haɗiye ƙwayar da ke mutuwa ta hanyar afoftosis, wato tsararriyar mutuwar da ƙwaya ke yi da kanta. Ƙwaya mai mutuwa tana fito da kitsen fosfatidilserin zuwa bayan fatarta, furotin irin su MFG-E8 su manne masa su haɗa shi da intagirin αvβ3, wani furotin na kamawa da ostiyokilas ke da shi birjik a fatarsu. Nuna hakan a ɗakin gwaji ba shi da wuya. Wuyar ita ce tabbatar da wa ya haɗiye, kuma ko haɗiyar ce da gaske.

A fara da ɓargon ƙashin cinya da na ƙwaurin ɓera. A rene shi cikin ruwan reno α-MEM mai FBS (ruwan jinin tayin saniya) kashi 10 cikin ɗari da M-CSF (furotin mai raya ƙwayoyin makurofaj) nanogiram 25 zuwa 30 a kowace mililita, a zafin digiri 37 da iskar CO2 kashi 5. Bayan kwana 2 ko 3 a ƙara RANKL, furotin da ke sa su zama ostiyokilas, nanogiram 50 a mililita, a riƙa sauya ruwan duk bayan kwana 2. Cikin kwana 3 zuwa 5 ƙwayoyin za su haɗe su zama manya. Tun daga nan a riƙa dubawa safe da yamma, domin da zarar sun gama girma ba sa daɗewa a raye a kan robar faranti. Wanda ya jinkirta sai ya tarar da gurabe kawai.

Abincin da za a ba su, ƙwayoyin taimos (wata gaɓar garkuwar jiki da ke ƙirji) na ƙaramin ɓera sun wadatar. A sa wa ƙwayoyin taimos ɗin maganin deksametason maikuromola 1 na awa 4 zuwa 6 don su fara mutuwa, sannan a auna da Annexin V (mai manne wa fosfatidilserin) da PI (rinin da ke shiga ƙwayar da fatarta ta fashe kaɗai). Abin nema shi ne masu kama Annexin V amma PI bai shige su ba. Idan PI ya shiga da yawa, an wuce gona da iri, fatarsu ta fashe, kuma wannan wani gwajin ne daban. Annexin V ba ya kamawa sai da kalsiyam, don haka kada EDTA, sinadari mai kame kalsiyam, ya shiga ruwan wankin.

A rina ƙwayoyin taimos ɗin da pHrodo, wanda ke haskawa sosai in ya shiga wuri mai tsami kamar jakar narkewa ta cikin ƙwaya. A yi rinin cikin ruwa marar FBS, in ba haka ba furotin ɗin ruwan ne zai shanye rinin. A zuba matattu 5 zuwa 10 ga kowace ƙwayar da ke faranti, a bari awa 1 zuwa 2, a wanke sau 3 da PBS (ruwan gishirin wanki) mai sanyi.

Dole a ajiye farantan kwatance: ɗaya a digiri 4, ɗaya da saitokalasin D mai hana aktin (furotin da ƙwaya ke motsi da shi) aiki, ɗaya da ƙwayoyin taimos masu rai. A biyun farko mannewa na iya faruwa amma haɗiya ta tsaya, don haka hasken da aka gani a can ba haɗiya ba ce.

A ɗauki hoto ƙwayoyin na raye, da rinin Hoechst don ganin cibiyoyi. In aka sandarar da su da sinadari don adanawa aka huda fatarsu, tsamin ya tafi, hasken pHrodo ya dusashe; mai son sandararwa ya rina ƙwayoyin taimos ɗin da rinin CFSE, ya duba da maikuroskof na konfokal, mai ɗaukar hoton cikin ƙwaya sala-sala. Rinin TRAP, wanda ake gane ostiyokilas da shi, mai duhu ne, yana danne haske, sai a yi shi a faranti daban.

Wajen ƙirga ne aka fi yin kuskure. Farantin cike yake da ƙwayoyi masu cibiya ɗaya da ba su haɗe ba, kuma suna haɗiya sosai, saboda haka auna hasken faranti gaba ɗaya ba ya cewa komai game da ostiyokilas. A ƙirga masu cibiya 3 zuwa sama kaɗai, kuma kada a lissafa ƙanƙantar dunƙulalliyar cibiyar ƙwayar da aka haɗiye a cikin ukun.