Yadda za ka sayi katako mai kyau a gwanjo a Katsina

Da farko ka isa wurin tun ba a buɗe ciniki ba, da tef ɗin awo a aljihu, kuma ka san abin da za ka ƙera. Maɗaci ja ne, yana bin hannu, ya dace da kujera ko akwati. Ƙirya kuwa tauri gare ta, sai turmi da ƙota.

Sannan ka duba bushewa, don nan aka fi tafka asara. Katakon da aka ɗauko ɗanye daga kudu, iskar hunturunmu tsaga shi take yi. Ɗaga shi ka ji. In nauyin ya wuce kima, da sauran ruwa a ciki. Juya shi ka leƙa ƙasa. Ƙananan ramuka da gari-gari alamar ƙwaro ce, bar shi ko da araha. Ni na taɓa saye a haka, har yau abin yana yi mini ciwo.

Yanke iyakar kuɗinka a zuci, har da la'adar dillali da kuɗin dako. In an zarce, janye.

In ya faɗo hannunka, karɓi rasit. A gida jera shi a inuwa bisa bulo saboda gara, da 'yan sanduna tsakani, ka shafe bakunan da fenti.