Yadda Ake Zaɓen Kuben Ƙaramar Bindiga Mai Makulli Ga Jami'in Da Ke Bakin Aiki

Jami'in da ya shiga cunkoso, ko a tashar mota ko a bakin kasuwa ko wurin raba rigima, bindigarsa a fili take, kowa na ganinta. Hannu ɗaya na riƙe da wanda ake tuhuma, ɗayan na lalubar ankwa. A wannan lokacin ba mai gadin bindigar sai kuben da take ciki. Wanda ya cusa ta a ƙugun wando, ko a jakar yadi mai maɓalli ɗaya, ya bar ta ne ga duk wanda ya riga shi kai hannu.

Wannan bayani na jami'an da doka ta ba damar riƙe makami ne. A Najeriya dokar bindigogi ta sa ƙananan bindigogi cikin jerin haramtattu ga farar hula, kuma dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana masu gadi ɗaukar bindiga.

Mataki na farko: san bindigarka ciki da waje

Kube mai makulli ana ƙera shi ne a kan samfuri guda. Na Glock 17 ba zai riƙe Beretta 92 ba, ko da ta shiga. Kafin ka tambayi farashi, rubuta sunan bindigar da lambar samfurinta, da hannun da kake harbi da shi. Idan akwai tocila a ƙarƙashinta, irin su Streamlight TLR-1 ko SureFire X300, ko na'urar saiti mai jan ɗigo a samanta, rubuta su ma, domin kowanne da irin kubensa. Duk wanda ya ce maka kubensa yana ɗaukar kowace bindiga, yi masa godiya ka wuce.

Mataki na biyu: fahimci abin da ake nufi da matakan riƙo

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Za ka ji ana cewa mataki na 1, na 2, na 3. Wannan lissafi ya samo asali ne daga Bill Rogers, tsohon jami'in hukumar FBI ta Amurka, wanda kamfanin Safariland ya sayi kamfaninsa na ƙera kube a 1985. Gwajinsa mai sauƙi ne. A ɗaura wa mutum kube da bindigar da ba harsashi, wani ya zo ya fizge ta da iya ƙarfinsa, ta kowace fuska, har daƙiƙa biyar. Idan ba ta fita ba, kuma mai ita ya iya zaro ta bayan nan, kuben ya ci mataki na 1. Sai a buɗe makullin farko a sake fizga. Idan har yanzu tana nan, ya hau mataki na 2. Haka ake ci gaba.

Sai dai babu wata hukuma da ta tilasta wa duk kamfanoni bin wannan ma'auni. Wasu suna ƙidaya matsewar robar kanta a matsayin mataki na 1, ta yadda maɗanni ɗaya tak zai sa su rubuta mataki na 2 a kwali. Saboda haka kada lamba ta ruɗe ka. Tambayar da za ka yi ita ce: abubuwa nawa hannuna zai yi kafin bindigar ta fito, kuma baƙo zai iya gane su cikin kokawa?

Ɗauki misali da kayan Safariland, tunda su aka fi kwaikwayo. Suna da makulli iri biyu. Ɗaya ana kiransa SLS, wata murfiya ce da ke rufe bayan bindigar, sai ka danna ta ƙasa ka tura gaba da babban yatsa. Ɗayan ALS, yana kama bindigar daga ciki, ta ramin da kwankon harsashi ke fita, kuma yana kulle kansa da zarar ka mayar da ita. Samfurin 6390 mai ALS kaɗai mataki na 1 ne a lissafinsu, 6280 mai SLS mataki na 2, shi kuwa 6360 da ya haɗa duka biyun mataki na 3.

A ganina, mai kaki da ke sintiri cikin jama'a ya nemi na 3. Wanda aikinsa na ofis ne, ko yake sa farin kaya riga na rufe bindigar, mai makulli ɗaya da ke kulle kansa zai wadatar. Dalilin da ya sa na fi son mai kulle kansa shi ne, a tsakiyar kokawa kana iya jefa bindigar cikin kube ka kama mutum da hannu biyu, ba tare da ka tsaya neman maɓalli ba.

Mataki na uku: duba wane yatsa ke buɗe makullin

Akwai kuben da ake buɗewa da manuni, wato yatsan da ke jan kunama. Fitacce cikinsu shi ne SERPA na kamfanin Blackhawk. Wasu cibiyoyin horar da jami'ai a Amurka sun hana shiga da irinsa, domin mutum cikin firgici yana danna maɗannin da ƙarfi, bindigar na fitowa yatsan ya zarce kan kunama, ya harbi cinyarsa. Masu son sa suna cewa laifin rashin horo ne. Ko ma dai yaya ne, ni na fi natsuwa da wanda babban yatsa ke buɗewa, manuni ya zauna a miƙe inda ya kamata.

Mataki na huɗu: roba ko fata, da inda zai zauna

Muna da dukawa masu hannu, kuma kuben fata yana da kyan gani. Amma fata tana shan gumi ta yi laushi, bakinta ya lanƙwashe, wata rana ya shiga gaban kunama lokacin mayar da bindiga. Don aikin yau da kullum roba mai tauri ta fi. Ka tabbatar ta rufe kunamar ruf. Kuben bindiga mai tocila bakinsa ya fi faɗi, don haka gwada ko yatsa zai iya ratsawa ta gefe.

Kube mai kyau a kan lallausar bel aikin banza ne. Bel ɗin aiki yawanci faɗinsa inci biyu da kwata ne, kuma dole ramin kuben ya yi daidai da shi, ba ya zamewa gaba da baya. Game da tsayi, idan kana sa rigar kariya daga harsashi, kuben da ya hau sama sosai zai riƙa karo da ita. Wanda ya sauka ƙasa yana sauƙaƙa zaro, kuma mata jami'ai da yawa sun fi jin daɗinsa saboda yanayin ƙugu, amma yana tokare kujera. Wanda ake ɗaurewa a cinya kuwa, yana burge masu kallo, yana kuma lilo idan ana gudu. Kowanne ka zaɓa, ɗaura shi ka shiga motar sintiri, ka hau babur, ka tsuguna, kafin ka yanke shawara.

A kula da jabu. Akwai masu kama da na asali har da tambari, waɗanda aka yi don bindigogin wasa. Robarsu tana tsagewa daidai inda ta haɗu da bel, sai a tafi da bindiga da kube gaba ɗaya.

Mataki na biyar: gwaji da sabo

Cire gidan harsashi, ja saman bindigar baya, duba ciki da ido, ka sake dubawa. In akwai bindigar roba ta horo, ita ta fi. Sa abokin aikinka ya fizga ta gaba, ta baya, ta gefe. Sannan kai ka yi ta zarowa a hankali, kana buɗe makullan a jere, kullum na ɗan lokaci, har hannu ya haddace. Gwada a zaune, a kwance, da kuma hannun da ba ka saba ba, domin ana iya raunata na daman. Wajen mayarwa ba a gaggawa: kalli bakin kuben, ka kawar da gefen riga ko igiyar jaket.

In kuben ya zama naka, ƙura ce abokiyar gabarsa, musamman da hunturu. Wanke cikinsa da ruwa da ɗan sabulu, ka bar shi ya bushe a inuwa. Kada ka zuba masa mai, mai yana tara yashi ya cije maɗanni. Kada ka bar shi a gaban gilashin mota da tsakar rana, zafi yana karkatar da roba. Duk mako kuma bi notunan da ke riƙe shi da bel ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaure wanda ya saki.