Yadda ake haɗa ZnO da azurfa a gwada shi kan ƙwayoyin sankarar mama

ZnO, wato zinc oxide, ya fi sauƙi ga ɗalibin da ke farawa a Sakkwato: kayansa ba tsada, kuma tazarar makamashinsa (band gap) ta 3.37 eV sananniya ce, don haka akwai abin kwatanta sakamako.

Narkar da gram 2.97 na zinc nitrate mai ruwa shida a cikin mililita 100 na tataccen ruwa, ka ƙara gram 0.05 na AgNO3 (silver nitrate, gishirin azurfa), wato azurfa kusan kashi 3 cikin ɗari na zinc ɗin a lissafin mole. Tataccen ruwan ɗakin gwaji kawai. Ruwan famfo ko na leda yana ɗauke da kuloraid, nan take azurfar za ta koma farin gari na AgCl, aikin ya lalace tun daga tushe. Ɗumama zuwa digiri 60 na Celsius, kana motsawa, kana ɗiga NaOH (sodium hydroxide) mai ƙarfin 0.2 M ɗigo-ɗigo har pH ya kai wajen 10. Wanda ya zuba shi gaba ɗaya zai sami gari mai dunƙule-dunƙule. Ware garin da ya kwanta, ka wanke shi da ruwa sau uku, da ethanol sau ɗaya, busar a digiri 80, sannan ka ƙona a tanderu a digiri 450 na awa biyu. Kada ka fara ƙonawa sai janareta yana da mai. Lokacin hunturu kuma a rufe komai, ƙura ba ta da kunya.

A XRD, gwajin X-ray da ke nuna tsarin garin, nemi kololuwar ZnO a digirin kusurwar 2θ 31.8, 34.4 da 36.3, sai ta azurfa a 38.1.

Inda aka fi faɗuwa shi ne gwajin MTT, inda wani rini ke canja launi gwargwadon ƙwayoyin halittar da ke raye. Zuba ƙwayoyin sankarar mama na MCF-7 kimanin 10,000 a kowane gurbi na faranti mai gurbi 96, su kwana awa 24 a digiri 37 da CO2 kashi 5. Gurabun gefe a cika su da PBS (ruwan gishirin ɗakin gwaji) kawai, domin su ne suke fara ƙafewa, balle a busasshiyar iskar nan tamu. Garin da ka haɗa sai ya sha minti 20 a na'urar sonikeshin, mai warwatsa gari da kaɗawar sauti, dab da zubawa, in ba haka ba, zai kwanta a gindin kwalba, adadin da ka rubuta ya bambanta da wanda ƙwayoyin suka samu. Yi matakai daga microgram 5 zuwa 100 a mililita, kowanne gurbi uku.

Ga abin da ɗalibai ke tsallakewa: ga kowane mataki, ware gurbi mai garin da ruwan reno amma babu ƙwayoyin halitta. Garin da kansa yana tare haske, wani lokaci ma yana taɓa launin MTT, sai na'ura ta ba da lambar da ba ta da alaƙa da rai ko mutuwar ƙwayoyin. Abin da wannan gurbi ya nuna sai a cire shi daga sauran. Haka kuma a ɗauraye gurabun da PBS kafin a sa MTT. A gwada gishirin zinc shi kaɗai ma, don ZnO yana narkewa, kuma mai yiwuwa narkakken zinc ɗin ne ke kisan. Sai ƙwayoyi masu lafiya irin MCF-10A; garin da ya kashe su daidai da na sankara guba ne kawai.

Bayan awa 24 da zuba garin sa MTT mai ƙarfin miligram 5 a mililita, jira awa huɗu a duhu, narkar da abu mai launin shunayya da ya fito a cikin ruwan narkarwa na DMSO, karanta a 570 nm. Maimaita a ranaku uku daban kafin ka lissafa IC50, wato ƙarfin garin da ke rage ƙwayoyin masu rai da rabi.