Daga shagon atamfa zuwa masaƙa: inda ƴan kasuwarmu suke tafka kuskure

Duk sanda hira ta kai ga masaƙu a rumfunan ƴan atamfa na babbar kasuwar Maraɗi, ba a rasa mai kawo labarin kamfanin Reliance na Indiya: "Ai mai shi ɗan tireda ne kamarmu." Haka ne. Dhirubhai Ambani, wanda ya kafa kamfanin, ya koma gida daga Adan ta ƙasar Yaman a 1958, ya kama cinikin kayan yaji da zaren roba. Sai dai ana jin farkon labarin da ƙarshensa, a tsallake tsakiya, kuma tsakiyar ce mai amfani.

Babban kuskure shi ne sayen inji kafin a samu mai sayen kaya. Shekara takwas Ambani ya yi yana sayar da zaren wasu kafin ya kafa masaƙarsa a Naroda a 1966. Ya sa wa yadinsa suna Vimal, ya baza shaguna, sai da sunan ya zauna a bakin mutane. Bai fara yin zaren da kansa ba sai 1982 a Patalganga. Daga nan ya shiga haɗa sinadarin da ake yin zaren da shi, a 1999 kuma ya buɗe matatar man Jamnagar. Da baya da baya ya hau. Kowane mataki, abin da ya daɗe yana saye a hannun wani shi ya koma yi, saboda haka ranar da injin ya tashi mai saye yana nan, shi ne kansa.

To, Alhaji, buɗe littafinka. Mene ne kake biyan wani kowane wata yana yi maka? In yadin kayan makaranta ne ya fi tafiya a shagonka, matakinka na gaba teloli goma ne da kekuna, ba masaƙa ba. In farar shadda ce, rini da bugu da aikin wuya. Ba su da kwarjini irin na masana'anta, na sani, amma nan ribar take.

Sai masu cewa za su karya farashin Sin. Zaren roba daga man fetur yake fitowa, daga sinadarai biyu da ake kira PTA da MEG, kuma arharsa tana zuwa ne daga yawan da ake yi dare da rana ba tare da wuta ta ɗauke ba. Fiye da rabin zaren da duniya take saƙawa yanzu irinsa ne, akasari daga Sin. Matatar SORAZ da ke Damagaram fetur da gazuwal da gas take fitarwa, ba waɗannan sinadaran ba. Kaduna ta fi mu jari da ma'aikata nesa ba kusa ba, tun 1957 take da masaƙa, amma tsadar wuta da kwararar yadi mai arha suka durƙusar da ita, har babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007. A faɗi gaskiya, wani kaso na yadin nan ta hanyarmu ya bi. Mun ci ribar faɗuwarsu, bai kamata mu manta abin da ya kayar da su ba. Inda za ka fi ɗan Sin shi ne sanin launin da matan Tibiri da Madarunfa za su so a bana, da iya kawo anko turmi ɗari cikin mako guda.

Akwai wanda ya fi ba ni haushi: a sayar da roba da sunan auduga. Hajiya za ta ɗinka, ta saka a zafin watan Afirilu, jikinta ya gaya mata gaskiya, ita kuma ta gaya wa gidan biki. Mai saro kaya ma ana yi masa haka. Zare ɗaya za ka zaro daga gefen turmi ka kyasta ashana. Auduga tana ƙonewa da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba narkewa take yi ta dunƙule kamar ƙwallo. Kuma ba ta rasa nata alheri ba, ba ta yamutsewa, tana saurin bushewa, ba ta cika kodewa ba. Faɗa wa mai saye haka, ka tura ta ga labule da kayan makaranta.

Bashi da naira ya ci jarin mutane da yawa. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa an sake ta a watan Yunin 2023, daga wajen 460 a dala har ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ba abokin cinikinsa na Kantin Kwari kaya sai bayan wata uku, an biya shi cif, amma da ya canza bai ga kuɗin dilarsa ba. A rubuta bashi da sefa, ko a gajarta lokacin biya.

Haka nan dogaro da hanya ɗaya. An rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa a 2023, kayan da ke biyowa ta tashar jirgin ruwan Kwatano kuma suka koma zagayen Lome. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zai sauƙaƙa fita da kaya, amma ta nan ɗin kayan wasu za su shigo.

Na ƙarshe ba a son jinsa. Da ciniki ya yi kyau sai gini, sai mota, sai ƙarin aure, duk daga aljihu ɗaya da jari. Ambani a 1977 hannun jari ya sayar wa dubban talakawa, kuma ba mai ba ka kuɗinsa in ba ka da lissafin da za ka nuna. Yanka wa kanka albashi, jika nawa ne a wata, ka rubuta, yaron shago ma ya san abin da ya wuce haka ba a taɓa shi.