Yadda Ake Zaɓen Faiba Don Jikin Motar Haɗi

Motocin da ake sayarwa a wargaje mai saye ya harhaɗa da kansa, irin su Caterham da Westfield na Ingila, rashin nauyi ne jarinsu. Shi ya sa kowane sabon shiga kabon yake fara nema, wato faibar zaren kabon mai ƙwari da rashin nauyi. Ajiye maganar kabon tukuna.

Da farko dubi aikin kowane sashe. Madigadi da hancin mota, masu shan duwatsu, faibar gilashi ta ishe su, ga arha ga sauƙin faci. Da ita aka yi jikin Corvette tun 1953. Kabon sai ga faffaɗan sashe kamar bonet, shi ma in aljihu ya yarda.

Sai gam, wato ruwan da ake jiƙa faiba da shi ya daskare, ko na foliyesta ko na efoksi, kuma a nan mutane suke faɗuwa. Tabarmar faiba mai yankakken zare, wadda aka fi sayarwa giram 450 a murabba'in mita, an ɗaure zarenta da wani sinadari da sitairin ɗin cikin gam na foliyesta ke narkarwa. Efoksi ba shi da sitairin. Ka zuba shi a kai, tabarmar ta sandare, ta ƙi kwanciya a lungu, iska ta maƙale a ƙasa. Don haka tabarma da foliyesta, saƙaƙƙen yadi da efoksi. Kabon da foliyesta kuwa zubar da kuɗi ne kawai.

Kada ka zuba gam da ido, ɗora shi a sikeli. Tabarma tana shan kusan ninki biyu da rabi na nauyinta, saƙaƙƙe kuwa daidai nauyinsa. Abin da ya ƙaru nauyi ne, ba ƙwari ba. MEKP, sinadarin da ke daskarar da foliyesta, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Ka zarce, ya daskare maka a kofi yana zafi.

In bonet yana lanƙwasa, kada ka yi ta jibga faiba. Kauri in ya ninka, tauri ninki takwas yake yi. Sa soson PVC mai milimita 3 a tsakiya. Ban da farin soson da ake kunshe talabijin, foliyesta narkar da shi yake.

Saura ba wuya. Kevlar, wata faiba mai jure duka, daga cikin madigadi kaɗai, don ba ya jin sanfefa. Inda kabon zai taɓa alminiyom, raba su da falle ɗaya na gilashi, in ba haka ba alminiyom ɗin ya cinye. Efoksi kuma a gasa shi yadda kamfanin ya rubuta kafin fenti, musamman baƙi.