Yadda ake lissafin kusurwar awa ta tauraro daga Kumasi

'Yan uwa na Zango masu son kallon sama, kusurwar awa tana gaya maka ne awa nawa suka rage tauraro ya iso layin da ya ratsa saman kanka daga arewa zuwa kudu, ko awa nawa da ya wuce shi. Lissafin gajere ne, lokacin taurari na inda kake tsaye, wato LST, sai ka cire RA ɗin tauraron, wato lambar awa da minti da ke nuna matsayinsa a sama ta fuskar gabas da yamma, shikenan.

Aikin yana wajen samo LST. Mu a Ghana Allah ya hutar da mu, agogonmu GMT ne duk shekara, lokacin da ke wayarka shi zaka saka kai tsaye. Ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu 2000 ƙarfe 12 na rana zuwa lokacin da kake kallo, harda ɓarin kwana, ka ninka da 24.06570982441908, ka ƙara 18.697374558, sai kayi ta zubar da 24 har ya koma ƙasa da 24, wannan shine lokacin taurari na Girinic (Greenwich, inda layin digiri sifiri ya bi).

To anan mutane ke faɗawa rami. Layin Girinic ta Tema ya bi, Kumasi kuwa tana yamma dashi da kusan digiri 1.6, kuma digiri 15 ne awa ɗaya, kenan minti 6 da rabi zaka RAGE, idan ka manta alamar ragewa a Python, yaren rubuta manhaja, ko wajen saita gari a manhajar kallon taurari ta Stellarium, ka kauce da minti 13, wanda ya wuce digiri 3, kuma wallahi a madubin hangen taurari wannan ya isa ka rasa abinda kake nema gaba ɗaya. Mutanen Accra nasu bai kai minti ɗaya ba shiyasa basa lura.

Ɗauki Kaza da 'ya'yanta, RA ɗinta 3:47. A ce lokacin taurari na Girinic 2:00, na Kumasi 1:53 da rabi, ka cire RA ɗin sai ka samu kusan -1:53, tana gabas kenan, saura kusan awa biyu ta kai ƙololuwa. Wata manhajar 22:06 zata nuna maka, kar ka ruɗe abu ɗaya ne, in amsa ta haura 12 cire 24.

Sannan ka duba RA ɗin da ka ɗauko, na J2000 ne, wato matsayin tauraron a farkon shekarar 2000, ko na ranar da kake kallo, na ranar ake so.