Yadda na gyara bayanin da ya rikita mataimakin shagonmu

A shagon yayana da ke garin Garwa a Kamaru na haɗa mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira wanda yake amsa wa masu saye ta WhatsApp, na kuma ba shi kayan aiki biyu: na duba farashi da na rubuta oda. Wata hajiya ta ce za ta biya dala ɗari biyu, sai ya rubuta sefa 200 maimakon 1,000, alhali a lissafin kasuwarmu dala ɗaya sefa biyar ce.

Kwana biyu ina zargin manhajar, ashe matsalar tana cikin bayanin da na rubuta. Mataimakin ba ya ganin cikin manhaja. Sunan kayan aikin da bayaninsa da guraben JSON (wato tsarin da ake cike bayanai a ciki don manhaja ta karanta) kaɗai yake karantawa, ni kuwa a gurbin kuɗi "adadi" kawai na sa. Na sake rubuta shi dalla-dalla, cewa a shigar da sefa, a ninka dala sau biyar, idan kuma maganar ba ta fito fili ba a tambayi mai saye.

Kafin in mayar da mataimakin bakin aiki, na karanta wa ƙanena bayanin, shi da bai taɓa ganin manhajar ba, na gyara duk inda ya tsaya yana tambaya. Sannan na gwada mataimakin da tsofaffin saƙonnin masu saye, har da na hajiyar, ya rubuta 1,000.